Tsohuwar Ƙaramar Mota Mai Ƙarancin Shan Mai: Corolla, Yaris, Golf ko Fijo?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirar mota ta sauya a majalisu. Da can ana tambayar ƙarfin inji da sanyin esi, yanzu tambayar farko ita ce, "Ya shan manta yake?" Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama kafin ƙarshen 2024. Masu manyan motoci da yawa sun lulluɓe su da tamfal sun koma hawa Adaidaita Sahu, wasu kuma sun sayar suna neman ƙarama.

Wani maƙwabcina na cikin waɗanda suka sayar. Ya rabu da Hondarsa mai silinda shida, ya sayo wata 'yar ƙaramar mota da dillali ya rantse masa cewa mai sai dai ta sunsuna. Man kam ba ta sha sosai, amma a wata shida ta kwana gareji fiye da yadda ta kwana a gida. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kafin a shiga sunayen motoci, a ɗan yi lissafi, domin shi zai hana mutum ruɗuwa. A ce kana yin kilomita 30 a rana, wato 900 a wata. Motar da ke yin kilomita 8 da lita ɗaya za ta sha wajen lita 112. Wadda ke yin 13 za ta sha lita 69. Wadda ke yin 16 za ta sha 56. In an ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, sauka daga babbar mota zuwa matsakaiciya ya rage maka naira 43,000 a wata. Amma daga matsakaiciyar zuwa 'yar mitsitsiyar, naira 13,000 ne kacal. Zuwa ɗaya wurin bakanike ya cinye wannan rarar, har ka ciko. Don haka ni ba na neman motar da ta fi kowacce ƙarancin sha. Ina neman wadda ke sha daidai, kuma kayan gyaranta na nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba sai an aika kasuwar Ladipo ta Legas ba.

A kan wannan ma'auni, Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 ce ke zuwa a gaba, kuma kowa ya sani, shi ya sa take tsada. Wadda aka shigo da ita daga Amurka injinta 1.8 ne, ta Turai kuma ana samun 1.4 da 1.6. In lafiyarta ƙalau, za ta ba ka kilomita 13 zuwa 14 a lita a doguwar hanya, cikin gari kuma ya sauko, balle da esi a kunne a cunkoson Kantin Kwari. Tankin ta Amurka lita 50 ne, ka ga Kano zuwa Kaduna da dawowa ba sai ka tsaya gidan mai ba. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne injinta da sarƙa yake juyawa, ba bel ɗin roba ba, saboda haka babu fargabar bel ya tsinke a tsakiyar daji ya lalata kan inji. Giyarta ta otomatik tsohon yayi ce mai hawa huɗu, ba ta da tsirfa, muddin ana sa mata man da ya dace. Babu garin da za ka shiga, daga Gusau har Mubi, ka rasa bakaniken da ya san cikinta.

Illarta biyu. Ta farko kuɗi: da abin da za ka biya a Corolla mai shekara ashirin, za ka iya sayen wata ƙirar da ta fi ta ƙuruciya. Ta biyu ɓarayi na sonta, saboda dalilin da ya sa kai ma kake sonta, wato ko an daddatsa ta akwai masu sayen kayan. Sai kuma a lura da ƙirar da ta gabace ta, ta 1998 zuwa 2002, wadda injinta ya yi suna wajen shan baƙin mai. In za ka sayi wannan, ka tsaya bayan salansa a taka mata wuta, in ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ka yi sallama. Toyota Matrix da Pontiac Vibe injin Corolla ne a cikinsu, sun fi ta fili a baya, sun kuma ɗan fi ta sha. Vibe takan zo da sauƙin kuɗi saboda kawai ba tambarin Toyota ne a goshinta ba.

Ƙanwarta Yaris ita ce zaɓina ga wanda yawonsa cikin gari ne: kai yara makaranta, ofis, kasuwa, gida. Ƙirar farko ta 1999 zuwa 2005 ce, a Japan sunanta Vitz, a Amurka Echo. Ita ma sarƙa ce a injinta. Ana samun mai inji 1.0 da 1.3, kuma a nan mutane ke yin kuskure. Suna jin 1.0 sai su ce sun samu abin da suke nema. To ka zuba mata mutum biyar a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, ka kunna esi, ka ga yadda za ta riƙa nishi. Dole ka danne totur har ƙasa kafin ta motsa, kuma ƙaramin injin da ake wa dole yana sha kamar babba. Mai 1.3 ta fi dacewa da rayuwarmu, inda mota ba ta taɓa tafiya da direba shi kaɗai. Ko ka fito kai ɗaya, kafin ka kai bakin titi ka ɗauki maƙwabta biyu. Ƙirar da ta biyo baya, musamman ta Amurka mai inji 1.5, ita ma lafiyayya ce.

Abubuwa biyu nake gudu a Yaris. Akwai wasu na Turai masu wata irin giya da ba ita ce giyar hannu ba, ba kuma otomatik ta gaskiya ba, na'ura ce ke taka kulochi a madadinka. In ta fara rikici, masu iya ta kaɗan ne. Sai kuma Vitz da aka kawo da sitiyari a dama aka mayar hagu a nan. Wannan aiki in ba ƙwararre ya yi shi ba, wayoyi da birki da sitiyarin kansa duk an taɓa su, kuma ranka ne a ciki.

Golf 3 kuwa, ba sai an gabatar da ita ga ɗan Arewa ba. Duk tashar da ka shiga tana nan, an cika but da buhuna har ƙofar ba ta rufuwa, an ɗaure da igiya, ga fasinja biyu a gaba. Wannan kaɗai shaida ce a kan juriyarta. Kayanta araha, bakanikenta ko a ƙauye, mai inji 1.6 ko 1.8 da giyar hannu kuma shanta ba laifi. Amma a yi lissafin shekaru: an fara ƙera ta a 1991, aka daina wajen ƙarshen shekarun 1990. Mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara ashirin da biyar. Yawancin waɗanda ke kasuwa sun yi haya sun gaji, an yi musu fenti an kawo. Ka leƙa ƙarƙashi ka duba walda, ka duba ko bayanta ya zauna. In neman kuɗi za ka yi da ita tsakanin gari da gari, kuma kana da haƙurin gyara, to ba ta da na biyu a farashinta. In don iyali ne, ka tuna esinta da wuya ya yi sanyin kirki. Kada kuma wani ya cusa maka mai injin VR6 da sunan Golf ce. Wannan silinda shida ne, ka koma gidan jiya. Golf 4 ta fi kyau da daɗin zama, sai dai ta fi nauyi, kuma ita da mai gyaran wayoyin mota abokan juna ne, musamman a kan gilasan ƙofa.

Peugeot 206, Fijo a bakinmu, ita ce ta fi raba kan mutane. Akwai masu rantsuwa da ita, akwai masu tsine mata. Duka suna da gaskiya, domin ba mota ɗaya suke magana a kai ba. Mai inji 1.4 da giyar hannu tana da ƙarancin sha ƙwarai, tana da daɗin tuƙi, kuma kuɗinta bai kai na Toyota ba ko kusa. Mai giyar otomatik, wadda ake kira AL4, ita ce ta jawo wa dangin baƙin jini. Sannan injin 206 da bel yake aiki, ranar da ka saye ta ka sauya shi, kada ka yarda da "ai ba a daɗe da sawa ba". Ka tsaya a bayanta ka kalli tayoyin baya. In samansu ya karkata ciki, gatarin baya ya ci, kuma gyaran ba na wasa ba ne. Wani abin da ke cutar masu ita shi ne, mun saba da Fijo tun da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, sai muke ɗauka duk wanda ya iya 504 ya iya 206. Alhali 504 ƙarfe ce da kafireto, 206 kuwa kwamfuta ce ke riƙe da fitilu da makulli da komai. Bakanike ya yanke waya ɗaya ya haɗa kai tsaye, shi ke nan an buɗe ƙofar wahala. Kafin ka sayi 206, ka fara nemo mai gyaranta a garinku. In babu, ka haƙura.

Honda Civic ta 2001 zuwa 2005 ba ta da sha, sai dai bel ne a injinta, kuma giyar otomatik ta shekarun farko na wannan ƙira ta yi ƙaurin suna. Ta 2006 zuwa sama kyakkyawa ce, amma ƙasa-ƙasa take, hanyar unguwa mai kwazazzabo lokacin damina za ta riƙa dukan cikinta, kuma an samu wasu injinan na farkon ƙirar da ke tsagewa su zubar da ruwa. Honda Jazz tana da fili a ciki fiye da yadda take a ido, shanta kaɗan ne. Ta farko silinda huɗu ce amma fulogi takwas gare ta, bakanike da yawa huɗun gaba kawai suke sauyawa su bar na baya. Giyarta ta otomatik kuma manta na musamman ne, in aka zuba mata na gama-gari an kashe ta.

Nissan Micra, wadda ta cika Ibadan a matsayin tasi, da Toyota Starlet da aka sani a titunan Yamai, duka ba su da ci, amma tsufa ya cim musu. Kia Picanto da Hyundai i10 sun fi su ƙuruciya, sun dace da cikin gari, ban dai so su a doguwar hanya inda tirela ke wucewa iska ta girgiza ka. Toyota Prius mai haɗa fetur da batir ta fi duk waɗannan ƙarancin sha, amma batirin mota mai shekara goma sha biyar zuwa ashirin a zafin Sakkwato ko Maiduguri caca ne. Mai tunanin mayar da mota ta iskar gas ta CNG kuma ya lura cewa tukunyar za ta cinye but ɗin ƙaramar mota kusan duka, ya kuma fara tabbatar da akwai inda zai riƙa cikawa kusa da shi.

Duk wannan magana a kan ƙira ce. Amma Corolla biyu, shekara ɗaya, inji ɗaya, sai ka ga ɗaya tana yin kilomita 13 ɗaya tana yin 8. Bambancin yana hannun waɗanda suka taɓa su. Babbar al'adar garejinmu ita ce cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, a kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa, wai ƙasarmu da zafi. Abin da ke faruwa shi ne injin ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Haka nan abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi: ana fasa shi a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki, sau da yawa a lalata na'urar auna iskar hayaƙin da ke kusa da shi, ita ce kuwa ke gaya wa kwamfuta yawan man da za ta saki. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka duba ko fitilar gargaɗin inji ta kama. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ne don kada ka ga laifi. Ka je da mai na'urar bincike ya jona, kuɗinsa bai kai na lita goma ba.

Lambar kilomita da ke allo kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Fatar sitiyari da robar feda da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Ka ɗaga kafet ka sunsuna, domin cikin 'yan Kwatano, wato tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje, akwai waɗanda ambaliya ta shanye a Amurka aka busar aka turo. Ni a wurina motar gida da na san mai ita, na san bakanikensa, ta fi 'yar Kwatanon da ban san tarihinta ba, ko da fentinta ya fi ƙyalli. Ka je da naka bakaniken, ba wanda dillali ya nuna maka ba, kuma ka je da sassafe kafin a ɗumama injin.

Takardun kwastan su ma a tantance su da lambar shasi kafin kuɗi ya fita, domin a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma takardun bogi sun yi yawa. In mai motar ya yarda, ku shiga gidan mai ku cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ku yi tafiyar kilomita 50 da esi a kunne, ku dawo famfon nan dai ku sake cikawa. In ta ɗauki lita huɗu, kilomita 12 da rabi ke nan a lita. In ta ɗauki shida ko bakwai, ka biya kuɗin man ka miƙa masa makullinsa.