Iyengar ko Ashtanga: wanne za ki fara da shi?

'Yar'uwa, kin ce shekararki 42, wuni kike zaune gaban kwamfuta, ƙugunki na ciwo, in kin sunkuya hannunki ba ya wuce ƙauri. Kina son fara yoga, an ambata miki salonta biyu, Iyengar da Ashtanga, kin rasa na ɗauka. Duka biyun na bi su kafin na fara koyarwa, ga abin da na gani.

Malami ɗaya ne ya yaye masu salon biyu. Tirumalai Krishnamacharya ya koyar da Pattabhi Jois da B.K.S. Iyengar a garin Maisur na kudancin Indiya a shekarun 1930. Jois ya zauna nan, ya buɗe makarantarsa ta Ashtanga a 1948. Iyengar kuwa, ƙanin matar malamin, da laulayi ya taso: zazzaɓin cizon sauro, taifot, tarin fuka. A 1937 aka tura shi garin Pune na yammacin Indiya ya koyar. A ganina laulayin nan ne ya sa ya damu da yadda mai raunin jiki zai samu shiga kowace tsayuwa.

Da Ashtanga na fara. Jerin motsi ne tsayayye, na yau shi ne na gobe, ba a sauyawa. Jeri shida ne, amma yawancin mutane na farkon suke yi shekara da shekaru, shi kaɗai yana cin kusan awa ɗaya da rabi. Kowane motsi ɗaure yake da numfashi: ki shaƙa ki ɗago, ki fitar ki sunkuya, ki tsaya numfashi biyar, ki wuce. Ido ma da inda ake kafa shi, kan hanci ko babban yatsa. Ɗakin shiru, ba abin da kike ji sai numfashin mutane, malami yana zagayawa yana gyara. Kwana shida a mako ake so. Na ƙaunace shi ƙwarai, domin da kin haddace jerin, zuciya ta daina tambayar me ya rage, sai ta kwanta.

Amma a nan na ji wa gwiwata ciwo. Akwai zaman da ake ɗora ƙafa kan cinya a sunkuya gaba. Ƙuguna bai saki ba tukuna, sai gwiwa ta ɗauki murɗar da ba aikinta ba. Makonni ina jin ɗan tsinke a cikinta, ina dannewa don kada lissafin numfashi ya wuce ni. Watanni na yi ban iya tsugunawa ba.

Bayan na samu sauƙi na shiga ajin Iyengar. Ranar farko tsayuwar kusurwa uku muka yi (a ware ƙafafu, a karkata gefe, hannu ɗaya ƙasa ɗaya sama), wadda da nake wuce ta cikin numfashi biyar. Malamar ta sa mini bulon katako ƙarƙashin hannu, ta ce in danna gefen tafin ƙafata ta baya, in ɗage ƙoƙon gwiwa, in juya cinya waje. Muka daɗe a haka. Cinyoyina na rawa, sai na gane shekaru ina wannan tsayuwa ban taɓa sanin inda nauyina yake sauka ba. Salon ke nan: bulo, bel, bargo, kujera, igiyoyi a jikin bango, duk don a daidaita tsayuwar da jikin da kike da shi yau. Aibinsa, bayani ya yi yawa, wani lokaci malami ba ya barin ki saurari kanki, kuma mai son gumi da sauri zai gundura.

Ke dai, da Iyengar za ki fara. Jijiyoyin bayan cinya da suka ɗaure saboda zama su ke jan ƙugu in an sunkuya, Ashtanga kuma cike yake da sunkuyo, ɗaya bayan ɗaya, ba ya jiran kowa. In ciwon yana sauka ƙafa ko kina jin ta mutu, ki fara ganin likita kafin kowane aji.

A ajina daidaita gaɓɓai na Iyengar nake koyarwa, amma numfashin Ashtanga shi ne ma'aunina. In numfashi ya fara yankewa, an wuce gona da iri, a ja baya. Jan tsoka ba laifi. Suka a cikin gaɓa, a tsaya nan take. Kuma duk malamin da zai taɓa ki don gyara, sai ya tambaye ki tukuna.

Kafin ki samu aji, ki gwada wannan da dare: ki kwanta rigingine, ki rataya bel a tafin ƙafa ɗaya, ki ɗaga ta a miƙe iya inda za ta je, ɗayar na ƙasa. Numfashi goma kowane ɓangare, kafaɗu a sake.