Sigma 150-600mm Contemporary a ƙurar Katsina: sharhi bayan hunturu biyu da damina ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dam ɗin Ajiwa da lensin 70-300mm yana son ɗaukar zalɓe ya san inda gizo ke saƙar. Tsuntsun yana can cikin ruwa, kai kana gaɓa, da ka ƙara taku biyar sai ya buɗe fiffike. Ka koma gida ka buɗe hoton a kwamfuta, ka tarar da ɗigo a tsakiyar ruwa. Lissafin ba shi da wuya. A kyamara mai ƙaramar sensa (farantin cikin kyamara da ke karɓar hoto) irin Nikon D7200, wadda da ita na yi wannan gwaji, lensin 300mm yana kwaso faɗin kusan mita ɗaya da rabi daga nisan mita 20. A 600mm faɗin yana komawa wajen santimita 78. Kurciya da ke kan reshe a wannan nisa za ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na hoton, har ka ga zanen gashin wuyanta. Wannan bambancin shi ne dalilin da ya sa ake ɗaukar nauyin dogon lensi.

Sigma 150-600mm f/5-6.3 Contemporary ya shigo kasuwa a 2015, kuma har yanzu yana cikin hanyoyi mafi sauƙin kuɗi na kaiwa 600mm. Nauyinsa giram 1,930 ne tare da zoben da ake ɗaure shi a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, bakinsa yana cin filta mai faɗin 95mm, kuma ba ya kama fokus, wato saitin da ke fito da abu ras, a ƙasa da mita 2.8. A jikin Nikon mai ƙaramar sensa, 600mm ɗin yana ba da ganin da 900mm ke bayarwa a kyamara mai babbar sensa, a Canon kuwa 960mm. Hukuncina a taƙaice: ya cancanci kuɗinsa, amma a ƙasarmu ba tsawon lensi ne ke yanke kyan hoto ba. Iska ce, da ƙura, da lokacin da ka fito.

Bari in fara da kaifin hoto, tunda shi kowa ke tambaya. Daga 150mm zuwa wajen 450mm ba ni da abin cewa, ko da an buɗe ƙofar haske gaba ɗaya. Daga 500mm zuwa 600mm, a f/6.3 (lambar f ma'aunin ƙofar haske ce, in ta ƙaru ƙofar ta tsuke), hoton yana ɗan laushi, musamman a gefuna. Maganin shi ne a rage zuwa f/8, nan take gashin tsuntsu ke fitowa ɗaiɗai. Kada ka wuce f/11, don daga nan laushin ke dawowa ta wata hanya, ga kuma haske da ka yi asara. Abin lura, ƙofar hasken tana tsukewa da wuri: kana barin 150mm kaɗan ta koma f/5.6, kafin ka kai 400mm ta riga ta zama f/6.3. Saboda haka ka ƙaddara cewa lensin f/6.3 ne ka saya.

A tsakar rana wannan ba komai ba ne. Da f/8 da saurin shota 1/2000 na daƙiƙa (lokacin da kyamara ke buɗe wa haske), ISO 500 (ma'aunin yadda sensa ke jin haske) ya ishe ka ka tsayar da shirwa a sama. Matsalar ita ce dabbobi ba su cika motsi da tsakar rana ba. Zabin daji da fakara da kurege da sassafe suke kiwo, a lokacin kuwa sai ka kai ISO 1600 ko 3200 kafin ka samu 1/800. In kyamararka tsohuwa ce da ke cika hoto da tsaki-tsaki a ISO 1600, wannan lensi zai wahalar da kai a daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Abin da nake bi: tsuntsun da ke zaune, 1/500 zuwa 1/800 in a hannu nake riƙe, mai tafiya a ƙasa, 1/1000, mai tashi, kada a sauka ƙasa da 1/2000. Na'urar hana girgiza tana gyara rawar hannunka ne kawai, ba ta tsayar da kan belbelar da ke sarar fara.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata wa mutane hoto, su kuma ɗora wa lensi laifi. Daga Maris zuwa Mayu, da hantsi ya ɗaga, ƙasa tana ɗaukar zafi, iskar da ke samanta ta fara rawa, irin rawar da ke kawo kawalwalniya a kan kwalta. Idonka ba ya damuwa da ita, amma 600mm yana ninka ta kamar yadda yake ninka tsuntsun. Ka auna gauraka ko dinya daga mita 60 da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, za ka ga babu wuri ɗaya mai kaifi a duk hoton, gefen komai ya yi kamar an zana shi da jiƙaƙƙen alli. Ba fokus ba ne ya kuskure, don in shi ne za ka samu kaifi a gaba ko a bayan tsuntsun. Lensin miliyoyin naira ma haka zai yi. Abu uku ke rage ta: fita daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan la'asar sakaliya, matsawa kusa har tsakaninku ya zama mita 10 zuwa 25, da guje wa ɗauka ta saman bonet ɗin mota mai zafi ko yashin da rana ta gasa. Ko daga cikin mota mai sanyin iyakwandishan ka zuro lensi ta taga, haɗuwar iska mai sanyi da mai zafi a bakin tagar tana yin wannan ɓarna. Kashe injin, sauke gilasai, jira minti biyar.

Hazon hunturu nasa salon daban ne. Ba ya karkata layi, launi yake wankewa. A Disamba da Janairu, duk abin da ya wuce mita 40 yana fitowa fari-fari, fokus ɗin kuma ya riƙa kai da komo don bai samu bambancin duhu da haske da zai kama ba. A nan maɓallin taƙaita nisa da ke gefen lensin yake aiki. Matsayi uku gare shi: duka nisan, mita 10 zuwa iyaka, da mita 2.8 zuwa 10. In kirinjijiya kake jira a kan ruwa, sa shi a mita 10 zuwa iyaka, lokacin neman ya ragu sosai. A bar hular lensi mai tare hasken gefe a kai kullum, kuma a ɗauki hoto a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don a iya dawo da launin daga baya.

Babban aibinsa a wurinmu shi ne ƙura. Idan ka murɗa daga 150mm zuwa 600mm, gangar jikinsa tana fitowa waje, in ka mayar ta koma ciki. Kowace murɗawa iska yake shaƙa yana fesarwa kamar zugazugin maƙeri, kuma roba mai tare ƙura a gindinsa kaɗai take, inda yake haɗuwa da kyamara. Bayan hunturu na farko, ƙananan ƙwayoyin ƙura sun bayyana a bayan gilashin gaba. Ba su fitowa a hoto, amma wadda iskar ta tura kan sensa tana fitowa ɗigo-ɗigo a sararin sama, musamman a f/11. Abin da ke taimakawa: yanke hannun tsohuwar riga mai santsi ka zura lensin ciki, ka ɗaure bakin biyu da roba, goge gangar da busasshen ƙyalle kafin ka mayar da ita ciki, kada ka canza lensi a fili. Gilashin gaba kuwa, a fara hure shi da abin hura iska na roba, a bi da burushi mai laushi, sannan ƙyalle. Wanda ya sa bakin rigarsa ya murza, yashi yake gogawa a kan gilashi. Da damina abokin gaba ya koma fumfuna, sai a ajiye shi cikin roba mai murfi da ƙunshin silika mai tsotse danshi, musamman a Agusta.

Wanda ƙura ta fi damu yana da zaɓi. Sigma 150-600mm Sports an toshe shi ko'ina, amma giram 2,860 ne. Tamron 150-600mm G2 na 2016 ya fi Sigma Contemporary kariya, yana kama fokus tun daga mita 2.2, kuma ƙafarsa tana shiga maƙalar Arca, wato irin maƙalar da ke kan ƙafa uku, kai tsaye, alhali ƙafar Sigma gajeriya ce, sai an ƙara mata faranti. Sony 200-600mm da Nikon Z 180-600mm ba sa tsawo in an murɗa, motsinsu a ciki yake, wannan kuwa shi ne ya fi dacewa da ƙasar hunturu in kana da kyamara marar madubi. Nikon 200-500mm f/5.6 ya fi Sigma Contemporary kaifi a ƙarshensa, sai dai ya fi nauyi, kuma ƙofar haskensa ta lantarki ce da tsofaffin kyamarori irin D90 da D3000 ba sa iya sarrafawa. Duba wannan kafin ka biya.

Nauyin Sigma Contemporary kusan kilo biyu ne, da kyamara ya doshi kilo uku. Minti ɗaya da ɗaga shi hannun hagu ya fara rawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma akwai sauƙi: sanda mai ƙafa ɗaya in tafiya za ka yi, ko ƙaramin buhu da aka cika da gero kilo biyu a ɗora kan tagar mota ko kan dutse. Buhun geron nan ya fi ƙafa uku mai araha tsayuwa. A rataya igiya a ƙafar lensin, ba a jikin kyamara ba, don kada nauyin ya lanƙwasa inda lensin ke haɗuwa da kyamara. In ka sunkuyar da shi gangar tana zamewa da kanta, sai a kulle ta da maɓallin gefe.

A 600mm da f/8, daga mita 10, zurfin wurin da ke da kaifi bai kai santimita 10 ba. Kuskure kaɗan, bakin cilakowa ya fito ras idonta ya dushe. Yi amfani da ɗigon fokus guda, ka ɗora shi a ido. In ka ga kullum kaifin yana faɗawa gaba ko baya, USB Dock na Sigma, wato na'urar da ke haɗa lensin da kwamfuta, yana ba ka damar gyarawa a wurare 16, wato tsawo huɗu a nisa huɗu. Aikin yini ne, amma sau ɗaya ake yi. Ƙarin gilashi mai ninka tsawo sau 1.4 kuwa ban ba da shawararsa ba: yana kai ka 840mm a f/9, inda fokus ɗin D7200 ya daina zama abin dogaro. Yanke hoton a kwamfuta ya fi.

Akwai abin da takardar lensi ba za ta gaya maka ba. Da hularsa a kai, a kafaɗa, daga nesa kama yake da makami. A halin tsaron da ake ciki, kada ka shiga dajin Rugu da kewayensa don hoto. Ko Ajiwa ko Daberam ta wajen Daura za ka, fara gaida mai unguwa, ka yi sallama da masunta da masu noman rani, ka nuna musu hoto a bayan kyamara. Su ne ma za su gaya maka bishiyar da shamuwa ke sheƙa a farkon damina. Kada ka juya shi wajen shingen jami'an tsaro ko inda mata ke wanki.

Mafi yawanmu na hannu za mu saya. Tabbatar da gindinsa na kyamararka ne, Canon EF ko Nikon F. Haska tocilan ta baya ka leƙa ta gaba: ɗigon ƙura ba laifi, amma zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, ajiye shi. Kunna hana girgiza ka danna shota rabi, hoton ya tsaya cik ba tare da tsalle ba. Sannan manna jarida a bango, ka ja baya mita 15, ka ɗauka a 600mm da f/8 a kan abu tsayayye. In rubutun kusurwa ɗaya ya dushe sauran ukun suna karantuwa, lensin ya taɓa faɗuwa ko gilashinsa ya goce, kuma gyaran wannan ba na bakin kasuwa ba ne.