GeneXpert a gwajin tarin fuka: abin da take kamawa da abin da ke wuce ta

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce, kuma yawancin abin da ke zuwa teburina kakin masu tari ne. Na yi aiki da madubin duba ƙwayoyin cuta, na yi shukar ƙwaya a kwalba, yanzu kuma ina aiki da GeneXpert ta kamfanin Cepheid na Amurka, da katirij ɗinta (ɗan kwandon roba da ake zuba kaki a ciki a saka a na'urar) na Xpert MTB/RIF wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Disambar 2010. A taƙaice, ina son na'urar nan ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake karanta sakamakonta kamar ta faɗi komai, alhali tambaya biyu kawai take amsawa: akwai ƙwayar tarin fuka? In akwai, tana jin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, ko ta bijire?

Aikin ba wuya. Za ka zuba ruwan sinadarinta kashi biyu a kan kaki kashi ɗaya, ka girgiza sosai, ka bari ya yi minti 15. A nan za ka ga kakin da ya zo da kauri yana yauƙi ya narke ya koma ruwa, kuma sinadarin ya kashe mafi yawan ƙwayoyin, abin da ke kwantar wa mai aikin hankali. Sai ka tsotsi mililita 2 ka zuba a katirij, ka rufe, ka saka a gurbinsa. Kafin awa biyu sakamako ya fito a kwamfuta. In ka yi gaggawa ka ɗura kakin da bai gama narkewa ba, ko ka rage adadin, na'urar na iya tsayar da gwajin, katirij ya tafi a banza. Minti 15 ɗin nan ba abin ragewa ba ne.

Wanda bai yi zamanin jira ba ba zai gane darajar awa biyun nan ba. Madubi ba ya ganin ƙwayar sai ta kai kamar 5,000 zuwa 10,000 a mililita ɗaya, kuma ko ya gan ta ba ya faɗa maka ko tana jin magani. Shuka kuwa sai haƙuri, domin ƙwayar tarin fuka takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu. Ana iya kai mako takwas ana jiran ta tsiro, sannan a sake jira a gwada ta da magunguna. Duk tsawon lokacin majinyaci yana tari a cikin iyalinsa, wata ƙila yana shan maganin da ba ya yi masa aiki.

Dabarar GeneXpert ita ce ba ta jiran ƙwayar ta girma, rubutun halittarta take karantawa. Rifampicin yana aiki ne ta hanyar maƙale wa wani sinadari da ƙwayar ke amfani da shi wajen kwafe umarnin da ke cikin DNA ɗinta. Ƙwayar gadon da ke ƙera wani sashe na wannan sinadari sunanta rpoB. In harafi ɗaya ya sauya a wurin da ya dace, siffar wurin maƙalewar ta canza, maganin ya rasa inda zai kama. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin da suka bijire wa rifampicin, sauyinsu yana cikin wani ɗan yanki mai haruffa 81 kacal, kuma shi katirij ɗin farko yake bincikawa da 'yan leƙen asiri guda biyar, wato 'yan guntayen DNA da ke mannewa a yankin, A zuwa E. In ɗaya ya kasa mannewa ko ya yi jinkiri, an samu sauyi. Wannan ya yiwu ne saboda halin ƙwayar tarin fuka: ba ta karɓar bijirewa daga maƙwabtanta ta ƙananan zobban DNA kamar yadda wasu ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Klebsiella ke yi. Nata sauyin a cikin jikin gadonta yake faruwa, sai shan magani rabi da rabi ya kashe masu rauni ya bar mai sauyin ta yaɗu.

To ina sauran kashi biyar ɗin? A nan nake so likitoci su tsaya. Akwai sauyin da ake kira I491F, yana cikin rpoB amma a wajen haruffa 81 ɗin. A ƙasar Eswatini an gano shi a kusan kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyi masu bijire wa magunguna da yawa da aka bincika, kuma gwajin yana nuna su a matsayin masu jin rifampicin. Haka nan katirij ɗin ba ya cewa komai game da isoniazid, wani babban maganin tarin fuka, wanda bijire masa ke fitowa galibi daga sauyi a ƙwayoyin gado katG da inhA. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar da ta ƙi isoniazid, takardarsa ta fito ba alamar matsala.

Abu na uku ya fi taɓa ni, domin majinyata ne ke shan wahalarsa. Na'urar ba ta bambanta ƙwaya mai rai da matacciya, DNA kawai take gani. Wanda ya yi watanni yana shan magani yana samun sauƙi, in aka maimaita masa wannan gwajin, sakamako na iya cewa har yanzu akwai ƙwaya, hankalinsa ya tashi ba gaira ba dalili. Bibiyar magani aikin madubi da shuka ne.

Xpert Ultra da hukumar ta amince da shi a 2017 ya fi kaifin gani, domin yana neman IS6110 da IS1081, sassan da ke maimaituwa a cikin DNA ɗin ƙwayar. Ya taimaka sosai ga yara da masu ɗauke da HIV, waɗanda ƙwayar ke ƙaranci a kakinsu. Sai dai yakan ba da sakamakon ɓurɓushi, wato an ga alama amma ba ta isa a yanke hukunci kan rifampicin ba, kuma ga wanda ya taɓa yin tarin a baya sai an haɗa da tarihinsa. Katirij ɗin MTB/XDR ya cike giɓin isoniazid da su levofloxacin da amikacin, amma yana buƙatar gurbi mai karanta launi goma.

Na'urar tana son wutar da ba ta yankewa a tsakiyar gwaji, da ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, a ajiye katirij tsakanin digiri 2 da 28, a kuma daidaita gurabenta duk shekara. Asibitin da zai iya waɗannan, ina ba shi shawara ya sa ta zama gwajin farko ga duk mai tarin da ya kai mako biyu. Amma ya tabbatar yana da inda zai aika kaki a yi shuka da cikakken gwajin magunguna, domin majinyacin da takardarsa ta ce rifampicin na aiki, amma ya ci gaba da rama da zazzaɓin dare bayan wata biyu yana shan magani, can ya kamata kakinsa ya tafi.