Wane asibiti za ku kai naku a Accra? Abin dubawa tun ana lafiya

Duk wanda ya bi ta Ridge ko ya haura Legon cikin 'yan shekarun nan ya ga yadda ginin asibiti ke tashi a Accra. A ƙarshen 2016 aka ƙaddamar da sabon ginin asibitin Ridge mai gado 420. A Janairun 2017 aka ƙaddamar da UGMC, cibiyar lafiya ta Jami'ar Ghana, mai gado 650, wadda ta ci dala miliyan 217, kodayake sai a 2018 ta fara karɓar marasa lafiya. Asibitin Ga East da ke Kwabenya ya biyo baya a 2019, ga na Babban Banki a Cantonments, ga masu zaman kansu suna ta buɗe rassa suna neman masu inshorar kamfani. Garin ma bai tsaya ba: ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra ya haura mutum miliyan 5.4, har ya shiga gaban Ashanti.

Duk da haka, a Yunin 2018 wani dattijo ɗan shekara 70 ya cika a cikin mota bayan iyalinsa sun zaga asibitoci bakwai ana ce musu babu gado. A 2020 kuma aka rushe babban asibitin La domin a sāke gina shi, masu zuwa can suka watsu a sauran asibitocin. To, ba girin-girin ba, ta yi mai. Gado a bakin ma'aikatan lafiya ba ƙarfe da katifa ba ne kawai. Gado ne da ke da nas a kansa, da iskar oksijin a bango, da likitan da zai duba cikin dare, da ɗakin tiyata da ke aiki, da jini a firiji. In ɗaya daga ciki ya ɓace, ana iya ganin gadon a shimfiɗe amma a ce maka babu. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane asibiti a kai, sabo ne ko tsoho.

Shawararmu ita ce kowane gida ya san ƙofa uku tun kafin ciwo ya zo: inda za a je don ciwon yau da gobe, inda za a haihu, da inda za a ruga in abu ya tashi da tsakar dare. Sau da yawa ba wuri ɗaya ba ne.

Katin inshora tukuna

Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da dokar 2003 aka kafa ta, aka sabunta dokar a 2012. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, dattawa daga 70 zuwa sama da mata masu ciki ba sa biyan kuɗin shekara. Ana sabunta kati ta waya da lambar *929#, a biya da MoMo, wato kuɗin waya, kuma ta nan ake haɗa shi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne a bar kati ya mutu sai ranar da ciwo ya kwantar da mutum. Sabon mai rajista yakan jira wata guda kafin katin ya fara aiki, haka ma wanda ya bar nasa ya daɗe a mace. Masu ciki da ƙananan yara ba sa wannan jira.

Katin yana ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga, awo, haihuwa har da ta tiyata, da yawancin tiyatar da aka saba. Ba ya ɗaukar tiyatar zuciya da ta ƙwaƙwalwa in ba ta hatsari ba ce, ba ya ɗaukar dashen gaɓa, neman haihuwa ta dashen ƙwai, ɗakin alfarma, ko kuɗin ajiye gawa. A ciwon daji, na mama da na bakin mahaifa ne a ciki, sai wasu huɗu na yara da aka ƙara daga baya. Wankin ƙoda ya daɗe a waje, sai a 2024 hukumar inshorar ta fara biyansa a cibiyoyin da ta amince da su.

Abu biyu za a tambaya a bakin tebur kafin a buɗe folda: kuna karɓar NHIS, kuma a kowane sashe ko a wasu kawai? Idan aka ce ka ƙara kuɗi a kan abin da kati ya ɗauka, nemi rasit mai sunan abin da aka biya. Hukumar inshora ta hana wannan ƙari, amma yana faruwa, musamman lokacin da kuɗin asibitoci ya maƙale a hannunta. A irin wannan lokaci ne ake rubuto maka magani ka sayo a kemis, don haka ko mai kati ya riƙe wani abu a aljihu.

Ƙofar kusa da gida

Mutumin Nima da Maamobi yana da babban asibitin Maamobi. Na Sabon Zongo, Sukura da Abossey Okai yana da asibitocin Mamprobi da Kaneshie. Na Madina Zongo yana da polikilinik na Madina da asibitin Pentecost, wanda na coci ne amma yana karɓar NHIS kuma yana duba kowa. Na Ashaiman yana da na garinsu, ga babban asibitin Tema a bayansa. Mutane na raina waɗannan wurare, kuma kuskure ne babba. Mai hawan jini ko suga ba ya bukatar farfesa duk wata. Abin da yake bukata shi ne folda ɗaya a wuri ɗaya, awon jini a kan lokaci, da tafiyar da trotro ɗaya, wato motar haya, zai kai shi ba tare da ya rasa cinikin yini ba. Wanda ya ce sai babban asibitin koyarwa na Korle Bu zai je karɓar maganin hawan jini, yakan gaji da layi ya daina zuwa, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Kuma daga waɗannan ƙananan wurare ne takardar turawa ke fitowa, wadda ba tare da ita ba manyan asibitoci ba sa karɓar mai kati wurin ƙwararren likita, sai dai in gaggawa ce.

Manya huɗu

Korle Bu tun 1923 yake, zamanin Gwamna Guggisberg, kuma gadonsa ya kai kusan 2,000. A nan cibiyar tiyatar zuciya ta ƙasa take, da ta ƙuna da gyaran jiki, da ta gashin ciwon daji. In ciwo ya rikice, ya haɗa ƙoda da zuciya da jini, nan ne wurin da za a sami likitocin kowane fanni a harabar gida ɗaya, kuma wannan babu mai kuɗin da zai saya maka shi a ƙaramin asibiti. Farashinsa shi ne cunkoso. Daga ko'ina a ƙasar ake turo masa marasa lafiya. Harabar tana da faɗi, gwaji a wannan gini, hoto a wancan, biyan kuɗi a wani, saboda haka mai jinya ɗaya ba ya isa: a samu mai zama kusa da gado, a samu mai ƙafa da zai riƙa kai-komo.

Ridge shi ne babban asibitin yankin, nan ƙananan asibitocin gwamnati na Accra ke fara turawa. Ga mutumin Nima ko Adabraka ya fi Korle Bu kusa nesa ba kusa ba, kuma haihuwa mai matsala, jarirai bakwaini da tiyatar da aka saba duk ana yinsu a nan. Sai dai sabon gini ya jawo masa jama'a fiye da gadonsa.

Asibitin soja na 37 an kafa shi a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana karɓar farar hula. An san shi da karɓar waɗanda suka yi hatsari, ga shi a bakin babbar hanya, ƙafa ma na kai mutumin Nima. Kafin a dogara da shi a tambayi yadda lissafin farar hula yake a sashen da ake nufi.

UGMC an gina ta ne don manyan cututtukan da ake turowa da kuma horar da likitoci. Na'urori sababbi ne, wurin a natse. Ga wanda aka riga aka gano ciwonsa, aka sa ranar tiyata ko wani gwaji na musamman, zaɓi ne mai kyau, musamman ga mutanen Madina da Adenta. A nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a kwanta.

Masu zaman kansu

Nyaho da ke Airport Residential tun 1970 yake aiki. Trust da ke Osu daga hukumar fansho ta SSNIT ya samo asali. Lister an fi saninsa da matsalar rashin haihuwa. Abin da kuɗinka ke saya a irin waɗannan wurare shi ne lokaci, tsabta da sakewa: a gan ka yau, sakamakon gwaji ya fito yau. Ga ɗan kasuwar da yini ɗaya a layi asara ce gare shi, wannan ba almubazzaranci ba ne.

Amma a ƙarƙashin manyan sunaye akwai ɗimbin ƙananan asibitoci a unguwanni, kuma a nan ne ake bukatar buɗe ido. Da farko a nemi lasisin HeFRA, hukumar da dokar 2011 ta ɗora wa rajistar wuraren lafiya. Ya kamata a gan shi a rataye, kuma kwanan watansa bai wuce ba. Sannan a tambaya kai tsaye: likitan da sunansa ke kan allo, kullum yake nan ko sai ya taso daga aikin gwamnati da yamma? Wa ke kwana? In tiyata ta zo da tangarɗa, kuna da ɗakin kulawa ta musamman, ko turawa za ku yi, kuma ina? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce gaba da sauran, domin wanda abu ya rikice masa a ƙaramin asibiti, layin neman gado ɗin da ya guje wa shi zai koma, alhali jiki ya yi nauyi kuma aljihu ya ƙare.

Ƙiyasin tiyata ya zo a rarrabe: kuɗin mai fiɗa, na mai sa barci, na ɗakin tiyata, na gado kowane dare, magani, gwaje-gwaje, da ƙananan kaya irin su safar hannu da zaren ɗinki. Dunƙulallen farashi da aka faɗa da baki yakan kumbura ranar sallama.

Haihuwa

A nan ne zaɓi ya fi nauyi. Mace mai lafiya, wadda ta taɓa haihuwa da kanta ba matsala, awo ya nuna komai daidai, tana iya haihuwa a asibitin unguwa hannun ungozoma. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, mai tagwaye, mai sikila, mai suga, wadda awon jininta ya kai 140 bisa 90, wadda jaririnta ya kwanta a gicciye ko mabiyiya ta tare hanya, da wadda ta yi haihuwa biyar ko fiye, duk waɗannan wurinsu asibitin da ke tiyata dare da rana. Dalili kuwa, zubar jini bayan haihuwa da jijjiga ba sa jiran a nemo mota.

Maigida ko uwar miji su raka ta awo ko sau ɗaya, su yi tambaya uku. Ana tiyata da ƙarfe biyun dare a nan, mai sa barci yana kwana? Akwai jini a ajiye ko sai an aika? Akwai kwalbar jarirai da sashen kula da su? Wani wurin yakan fiɗe uwa lafiya amma ba shi da inda zai sa bakwaini, sai a raba su, uwa a nan jariri a can, mai jinya ya rasa inda zai sa kansa. A lissafin asibitin kuɗi kuma, kuɗin jinyar jariri daban yake da na haihuwa. Wadda take son mace ce ta duba ta, ta faɗa tun ranar awon farko, ba ranar naƙuda ba. Ana iya shirya hakan a awo, amma in tiyatar gaggawa ta taso, wanda ke bakin aiki shi zai yi.

Maganar jini a gama ta tun ciki na wata bakwai ko takwas. Asibitoci kan nemi dangi su bayar a madadin wanda aka ƙara. Mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 17 da 60, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Samarin masallaci ɗaya sun isa su rufe wa unguwa wannan ƙofa in an tsara su.

In abu ya tashi da dare

Lambar motar asibiti ita ce 112. Amfaninta ya wuce ɗauka: ma'aikatanta na iya tuntuɓar asibiti kafin a isa, kuma akwai oksijin a ciki, abin da tasi ba ta da shi. Wanda numfashi ya sarƙe masa, ko jini ke zuba, ko yake jijjiga, a kai shi asibiti mafi kusa a fara tsayar da abin, su kuma su yi waya su nemo gado kafin a motsa shi. Zagaye gari da mara lafiya a bayan mota daga ƙofa zuwa ƙofa shi ne abin da ya fi kashewa.

Shanyewar ɓarin jiki ta bambanta. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, a nufi inda ke da na'urar hoton kai ta CT mai aiki a daren, domin sai da hoton ake gane jijiya ce ta toshe ko ta fashe, kuma maganin narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko kawai ake bayar da shi. A riƙe lokacin da aka fara ganin alamar, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, yana iya shaƙewa.

Idan za a tura ku gaba, kada ku fita sai da takardar turawa mai ɗauke da abin da aka gano, maganin da aka bayar da lokacinsa, da sunan wanda aka yi magana da shi a can. Ku karɓi sakamakon gwaji da hotunan da kuka biya, ku haɗa da kwalayen magungunan da yake sha a gida, in ba haka ba a sabon wurin daga farko za a sāke komai, da kuɗinku.