Katangar siminti, duwatsu ko shuke-shuke: me za ka saya wa bakin tafkin gidanka?

Jama'a duk wanda Allah ya hore wa gida a bakin tafki, don Allah kafin ka je wajen masu sayar da furanni ka fara sauka bakin ruwan ka tsuguna ka duba ƙasar tukuna. In ka ga saiwoyi a waje suna reto, ko gindin gaɓar ya yi kogo, toh ruwa na cin filinka ne a hankali, kuma can ya kamata kuɗinka ya fara zuwa kafin kwalliya.

Yawancinmu katangar siminti muke fara tunani, nima ita na so da farko saboda tsaf take a ido. Amma igiyar ruwa in ta daki katanga ba ta mutuwa a nan, komawa take ƙasa tana yashe gindin, sauran ƙarfin kuma ya bi gefe ya ci filin maƙwabcinka, ga ruwan sama da ke taruwa a bayanta wanda in ba a bar masa ramukan fita ba shi zai yi ta turo ta har ta tsage. Ita ta fi tsada a gini, gyaranta ma haka. Ni dai ba zan ce ka yi ta ba sai in gaɓar a tsaye take ƙiƙam kuma gidan ya matso ruwa sosai, shi ma da injiniya a kai.

Jera duwatsu ya fi ta sauƙi kuma yana karya ƙarfin igiyar ruwa, don ruwan shiga yake tsakaninsu ya huce. Sai dai abu biyu ne ake yi wa ha'inci a nan. Na ɗaya gangare, a kwantar da gaɓar sosai, kamar mita 3 a kwance ga kowace mita 1 ta tsayi. Na biyu ƙyallen nan mai tace ruwa da ake shimfiɗawa a ƙasan duwatsun. Na taɓa tsayawa a wata gaɓa da mai kwangila ya tsallake shi, na zura hannu tsakanin duwatsun har gwiwar hannu ban taɓo ƙasa ba, ruwa ya tsotse ta ta ƙasa, duwatsun duk sun zauna. Kuma ka sayi fasasshen dutse mai kusurwa, shi ne yake riƙe juna, mulmulallen gangarawa yake.

Wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi kam shuke-shuke ne, in tafkin ba mai manyan igiyoyi ba ne. Ka bar fili kamar mita 10 daga bakin ruwa ba a aske shi, ka cika shi da ciyayi da ƙananan itatuwan da dama can yankin suke fitowa. In wajen mai zafi ne ciyawar jema ba ta da na biyu, saiwarta miƙewa take ƙasa har mita 3, a dasa ta a jere kusa-kusa tazarar santimita 10 zuwa 15 ta bi kwanciyar gaɓar, in ta haɗe sai ta zama kamar shinge tana tare ƙasa ruwa na wucewa. Matsalar kawai haƙuri, shekarar farko sai ka kula da ita, shi yasa ake haɗawa da naɗaɗɗen zaren kwakwa a kafe shi da turaku a bakin ruwan, ya riƙe ƙasar 'yan shekaru kafin ya ruɓe, lokacin saiwa ta kama. Amma fa kar kyau ya ja ka ka saka kainuwa ko kachalla, in suka samu wuri rufe ruwan suke, fitar da su kuma wahala ce ba kaɗan ba.

Ciyawar tsakar gida ka rage faɗinta, gajeriyar saiwa gare ta ba ta riƙe gaɓa. Wajen taki ka duba lambobi ukun da ke jikin buhu, ta tsakiyar ita ce fosfaros, ka nemi mai 0 a wajen, don sinadarin fosfaros ɗin ne in ruwan sama ya wanke shi cikin tafki yake kawo gansakuka ruwan ya yi kore yana wari, kifi ya rasa iska. In an aske ciyawa ma kar a share ta cikin ruwa.

Hanyar sauka kuwa na fi son tsakuwa ko intalok mai barin ruwa ya nutse maimakon daɓen siminti, kuma a lanƙwasa ta kar ta miƙe sambal zuwa tafkin ta zama kwata. Sannan kafin a sauke ko tifa ɗaya ta dutse ka tambayi hukumar da ke kula da ruwan, wurare da yawa sai da izini ake taɓa gaɓa.