Mai dashen da ke bayan Kasuwar Dole

Shekara uku ke nan ina sayen dashe wurin wani dattijo da ke bayan Kasuwar Dole a Damagaram. Rumfar zana ce kawai, ba allo, ledoji jere cikin inuwar dogon yaro.

Abin da ya riƙe ni wurinsa gaskiyarsa. Watan Maris na je neman salati da tumatir, ya ce: "Hajiya, mayar da kuɗinki. Zafin bazara na zubar da furen tumatir, salati kuma ya yi kara ya yi ɗaci. Ki dawo watan Nuwamba." Sai ya ba ni zogale da yakuwa. Zogalen nan yanzu ya wuce katangarmu ta unguwar Birni, da shi muke kwaɗo da ƙuli-ƙuli duk safiya.

Na koma da hunturu. Dashen tumatir ashirin na saya a kan kuɗi jaka guda, na dasa da marece kamar yadda ya ce, biyu kaɗai suka mutu. Ya koya mini lulluɓe gindi da ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. Wanda ya san yadda pampo ke ɗaukewa a Damagaram, da kuɗin 'yan ga-ruwa, ya san darajar wannan.

Inda na yi ƙorafi takinsa ne. Buhun da na saya bai ruɓe ba, ya ƙona mini tattasai layi guda, ga tsiron ciyawa ko'ina. Yanzu daga Mirya ƙanena ke kawo mini taki. Kuma kada ku je bayan azahar, ba za ku same shi ba.