Aikin dare ko na rana a kan injin gurzar ƙarfe?

Samarin da suka koyi aikin injin gurzar ƙarfe a Birnin Kebbi sun ishe ni da tambaya, wai in kamfani ya ba su zaɓi dare za su ɗauka ko rana.

Wajen kuɗi dai dare ya fi, galibi akwai ɗan alawus kan albashi. Ga sanyi kuma, kun san zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40, kuma shi kansa ƙarfen buɗewa yake in ya sha zafi, sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙaruwa kusan milimita 0.012 a duk digiri ɗaya, shi ya sa awon ƙa'ida a digiri 20 ake yinsa.

Amma fa wajen ƙarfe uku na dare ido sai lumshewa yake, injin kuwa babu ruwansa da gyangyaɗinka, ya cafki hannun riga shi ke nan. Ka dawo gida barcin rana ya gagara, ga hayaniyar yara ga NEPA sun ɗauke wuta. Da rana oga na kusa, abu ya rikice ka tambaya.

Saurayin da hannunsa ya faɗa kuma yake tara kuɗin lefe, dare zai fi masa. Mai koyo da magidanci mai iyali, rana ta fi dacewa da su.